Lif Ɗin da Ke Warkewa Sau Ɗaya a Shekara

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Makka, ina da kawu a unguwar Utaibiyya, a hawa na huɗu na wani tsohon bene. Yayan mahaifiyata ne. Ranar da zan baro gida ta cusa mini lambarsa a aljihu, ta ce, "Ka riƙa zuwa wurinsa, ko Allah zai sa bakinka ya buɗe." Ta san ɗanta. Ni mutum ne da zan yi mako guda ban yi hira da kowa ba sai littafi. Idan mai shago ya miƙo mini abin da ban tambaya ba, karɓa nake yi in yi godiya in fita. Akwai lokacin da na yi wata uku ina shan wani madara da ba na so, don kawai mai shagon ya ɗauka shi nake so.

Kawu ya zo aikin hajji yana saurayi, bai koma ba. Shekara talatin ya yi yana tura arabiyya, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da sa'ayi. Yakan ce babu ƙabilar da bai tura ba a duniya. Yana gane nauyin mutum da ido, yana gane gangara da tafin hannu. A shekarata ta farko a jami'a ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafa ta tafi, hannu ya tafi, harshe ya yi nauyi. Keken da ya ci abinci da shi, shi ya koma yana zaune a kai. Maganarsa kuwa mutum biyu ne kawai ke gane ta sosai: matarsa, wadda nake kira Inna, sai ni. Nawa ba wata baiwa ba ce. Wanda ba ya magana yana da lokacin sauraro.

Benen yana da lif. Wannan shi ne abin takaicin. A kowane hawa akwai ƙofarsa, an manna mata takarda da Larabci cewa ya lalace. Takardar har ta yi ja don tsufa.

Sai na yi bayanin wani abu ga wanda bai zauna a Makka ba. A wasu gidajen haya akwai sharaɗin cewa za ka zauna duk shekara, amma idan mausim ya zo, wato lokacin aikin hajji, sai ka tattara kayanka ka kulle a ɗaki ɗaya, ka bar wa alhazai gidan na wajen kwana arba'in. Su Kawu wurin 'yarsu suke komawa a unguwar Mansur. Washegarin fitar 'yan haya sai lif ya warke sarai. Matakala biyar da ke bakin ƙofar shiga ma sai a kafa musu gangaren ƙarfe saboda masu keke. Kafin 'yan haya su dawo an kwance ƙarfen an jefa a sito, an mayar da takardar lalacewa. Lokacin da Kawu yake da ƙafafunsa abin dariya yake ba shi. Yakan ce lif ɗin nan ya fi kowa ibada, ba ya fitowa sai lokacin hajji.

Mausim na farko bayan ciwonsa, mu huɗu muka sauko da shi a kan kujerar roba. Ni ke riƙe da ƙafar baya ta dama. Saukowa ta yi lafiya. A dawowa ne, a kwanar hawa na uku, takalmina ya zame. Kujerar ta karkace, Kawu ya tafi gefe, aka cafe shi da ƙyar. Hularsa ta gangara har ƙasa, rigarsa ta yaye har cinya, ga matan maƙwabta a bakin ƙofofinsu suna ta salati. Aka shigar da shi falo. Da kowa ya watse ya sa Inna ta juyo da shi ya fuskanci alƙibla, ya ce, a hankali yadda kowace kalma za ta fita:

"Wallahi ba za a sake ɗaukata a kafaɗa a benen nan ba, sai ranar da za a kai ni maƙabarta."

Inna ta ce, "Haba Malam, tsautsayi ne."

Ya ce, "Na faɗa."

Ni ina tsaye da hularsa a hannu, na rasa inda zan sa kaina.

Ya kuwa riƙe rantsuwar. Wata ya bi wata, Kawu bai sauka ba. Asibiti Inna ke zuwa ta karɓo masa magani, likita na ta aiko da saƙon a kawo shi a duba. Sallar Juma'a a lasifika yake jin ta. Duk ranar Alhamis in na zo daga makaranta sai in tarar da shi a bakin taga yana kallon rufin motoci. Tsofaffin abokan aikinsa sun riƙa hawowa gaishe shi, amma su ma gwiwoyinsu sun gaji, zuwan ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Wata Alhamis a farkon Rajab Inna ta ja ni kicin ta rage murya. Wakilin mai gida ya aiko, lokacin sabunta yarjejeniya ya yi, kuma sharaɗin na nan: dole a fita a mausim. Wanda bai fita ba ya bar gidan gaba ɗaya. A shekarun nan kuwa ana ta rusau a tsofaffin unguwanni saboda faɗaɗa Harami, mutane na yawo da katifu a kan mota suna neman ɗaki. Shekara ashirin da shida suna gidan nan.

"Na tambayi malamin masallaci," in ji ta. "Ya ce ya karya rantsuwar ya ciyar da mutum goma, shi ke nan. Kai ka gaya masa, ƙila ya ji taka."

Na je na tsuguna na fara kawo masa bayanin kaffara, har da sunayen littattafai. Ya bar ni na gama.

"Ɗan boko," ya ce, don haka yake kirana, "na san kaffara tun uwarka na goye. Ba rashin sani ke damuna ba."

Daga nan na koma inda na fi ƙarfi, wato laburare. Mako biyu ina tono. Na gano akwai dokar da ta tanadi haƙƙin masu naƙasa, akwai kuma ƙa'idojin gini da suka yi maganar lif da faɗin ƙofa da gangaren keke, har da cewa duk tsayin taku ɗaya sai an ba shi tsawon taku goma sha biyu. Na ji kamar na tsinci zinariya. Na zauna na rubuta takardar koke shafi tara da Larabcin littafi, da lambobi, da manazarta a ƙarshe. Ban taɓa yin aikin makaranta mai kyanta ba.

Ofishin wakilin wani ɗan shago ne a bakin titi. Na shiga na yi sallama na zauna. Yana waya. Ya gama ya sake ɗaukar wata. Mutum uku suka zo bayana, aka sallame su, ni ina zaune da ambulan a cinya ina jiran a ce mini bisimilla. Sai da aka kusa kiran la'asar ya dube ni ya ce, "Kai kuma fa?" Duk jawabin da na haddace ya gudu. Na miƙa masa kawai.

Ya buɗe, ya dubi shafin farko, ya auna kaurinta da yatsa, ya yi murmushi. Ya ce, "Ya ustaz, benen nan ya girme ka, ya girmi waɗannan ƙa'idojin naka. Lif ya lalace, kayan gyaransa sai an yi oda. Gobe in sha Allah." Sai ya ajiye takardata a tebur ya ɗora kofin shayinsa a kai. Ina kallon da'irar ruwan shayi tana faɗi a kan bisimillar da na ƙawata. Da na miƙe ya ƙara da cewa, "Ka gai da kawunka. Ka ce masa masu neman gida suna da yawa a bana."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da na je wurin wani malaminmu da ya san shari'a, ya ce mini a maganar tsufan gini wakilin bai yi nisa da gaskiya ba. Tilasta wa tsohon gini bin sabuwar ƙa'ida doguwar hanya ce, ba a gama ta kafin hajji. Amma ya ce, "Bar abin da hukuma ta rubuta tukuna. Je ka duba abin da shi mai gidan ya sa wa hannu da kansa."

Inna ta fito mini da wani gwangwanin biskit da take tara takardu. Yarjejeniyar haya ce ta kowace shekara, an cusa su yadda aka ga dama. Ni kuma in raina ya ɓaci jera abubuwa nake yi. Na baje su a kafet, na jera su shekara bayan shekara, na fara karantawa. Ba wanda ya taɓa karanta su, Kawu dangwala hannu kawai yake yi. A sharaɗi na bakwai, a kowace ɗaya, an lissafa abubuwan da ɗan haya ke da haƙƙin amfani da su: tankin ruwa, fitilar matakala, rufin shanya, da lif. Sau ashirin da shida an rubuta, sau ashirin da shida an sa hannu.

Na sauko da takarda ɗaya a hannu ina neman wanda zan nuna wa, sai na ci karo da haris, wato mai gadin benen. Dattijo ne, tsohon abokin shan shayin Kawu. Na karanta masa. Ya yi dariya har da tari.

"Lalacewa? Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya. Ga makullinsa nan a ɗakina. Wakili ne ba ya son ɗawainiyar masu duba shi duk wata. Ai kafin mausim ma yana tashi na yini ɗaya."

Na ce, "Yaushe?"

Ya yi mini bayani. Kafin a ba gida izinin saukar alhazai, sai kwamiti ya zo ya duba shi. Ana gobe za su zo, masu gyara kan zo su kunna lif, a kafa gangaren ƙarfe, a wanke falon ƙasa. Da safe wakili ya bi gida-gida ya roƙi kowa ya zauna a ciki kada a ɓata wurin. Kwamiti ya zo ya hau ya sauka ya sa hannu. Kafin la'asar an kulle komai. Duk mazauna benen sun san wannan. Ba wanda ya taɓa tunanin danna maɓallin a ranar, tunda an ce a zauna a ciki.

"Bana ranar Talata ta sama za su zo," in ji shi. "Amma ba a bakina ka ji ba."

Na hau matakala bibbiyu. Shirina shi ne in tare kwamitin in danƙa musu fayil. Inna ta dafe ƙirji. Ta ce in aka hana mai gida izini a dalilinmu, a titi za mu kwana, kuma mu da ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ba mu da bakin kai ƙarar ɗan ƙasa. Kawu yana jinmu, yana kallon taga. Can ya ce:

"Ba wanda zai kai ƙarar kowa. Sauka kawai zan yi. A takarda an ce lif nawa ne, ko ba haka ka karanta ba?"

Na ce haka ne.

"To, a goge mini farar rigata."

A nan ne ɗabi'ata ta bin ƙwaƙƙwafi ta yi rana. Na roƙi haris ya buɗe mini lif ɗin da tsakar rana, na shiga da tef ɗin ɗinkin Inna. Ƙaramin lif ne na da. Faɗin ƙofar ya fi keken Kawu da yatsa biyu kacal, zurfinsa kuma ba zai ɗauki keken ba sai an cire matakan ƙafa. Da mun je ranar ba shiri, da a bakin ƙofa za mu maƙale. Na dawo na zana girman lif ɗin da alli a tsakar falo, na kafa kujeru biyu a matsayin ƙofa. Kwana huɗu muna gwaji. Ni na fasa zuwa darasi, abin da ban taɓa yi ba.

Kawu ya samu abin yi. "Kai, a hankali. Wannan ba buhun shinkafa ba ne, kawunka ne." Ko kuma, "Da baya ake shiga, ɗan boko. Wa ya taɓa shigar da alhaji lif yana kallon bango?" In na buge kujera sai ya ce, "Ka kashe alhajin. Maza koma Kano." Inna tana bakin kicin tana dariya tana goge ido. Rabon da a ji muryarsa haka tun kafin ciwon.

Ranar Talata wakili ya ƙwanƙwasa da sassafe ya ce don Allah a zauna a ciki zuwa azahar. Inna ta amsa masa ta bayan ƙofa. Wajen ƙarfe goma na tura Kawu zuwa bakin lif. An cire takardar lalacewa, sai tabon gam. Na kai hannu zan danna, ya buge mini hannu da na damansa. Shi ya danna. Muka ji injin ya yi gurnani daga sama, ƙofa ta buɗe. Na cire matakan ƙafa na rataya a wuya, na juya keken, na shiga da baya. Ko gefe bai taɓa ba.

Saukar ba ta kai minti ɗaya ba. Wata tara yana sama.

Da ƙofa ta buɗe a ƙasa, wakili ne a gabanmu yana fesa turare a falo. Ya dubi Kawu, ya dube ni, ya dubi ƙofar titi. Ya matso ya ce da ƙaramar murya, "Ya ammi," wato baffa, "don Allah ku koma sama, bayan azahar ma yi magana." Kawu ya gyara hularsa ya ce a kai shi kusa da ƙofa, yana son iska. Haris ya kawo masa shayi, yana kallon silin kamar bai san komai ba.

Ba a jima ba mutum uku suka shigo da allunan rubutu. Babbansu mai furfura ne, da tabarau a rataye a ƙirji. Suka duba tukwanen kashe gobara, ɗaya ya shiga lif ya hau ya dawo. Mai furfurar ya zo wucewa ya tsaya ya gai da Kawu, ya dafa kafaɗarsa kamar yadda ake yi wa dattijo. Ya ce, "Ya ammi, a nan kake zaune? Lif na yi muku aiki yadda ya kamata?"

Kawu ya amsa da Larabci, amma harshen ya murɗe kalmomin. Mutumin ya sunkuyo, bai gane ba. Ya juyo gare ni.

"Me ya ce?"

Na ji sarai abin da ya ce. Wakili na tsaye a bayan mutumin, idonsa a kaina. Na san ina iya cewa, "Ya ce alhamdu lillahi," kowa ya huta, ba wanda zai kama ni. Matakan keke na lilo a wuyana kamar an rataya wa akuya ƙararrawa. Amma akwai abu ɗaya da ban iya ba ko a jarrabawa: in kawo maganar wani ba yadda ya faɗe ta ba.

Na ce, "Ya ce yana aiki ƙwarai. Ya ce shekararsa ashirin da shida a gidan nan, yau ne ya fara shigarsa."

Mutumin ya ɗora tabaransa a hanci. Ya tambaye ni hawa na nawa, tun yaushe yake kan keke, yaya yake zuwa asibiti. Na amsa ɗaya bayan ɗaya, muryata na fita kamar ta wani. Ya ce ko akwai yarjejeniyar haya. Na zaro ta daga bayan keken, na buɗe masa sharaɗi na bakwai, wanda na ja wa layi da fensir da rula. Ya karanta, ya juya ya dubi wakili, bai ɗaga murya ba.

Wakili ya fara rantse-rantse cewa shi ba wanda ya taɓa gaya masa akwai mara lafiya a sama. Ina da kwafin takardata mai shafi tara a cikin fayil, da kwanan watan da na kai ta. Hannuna har ya kai kanta. Sai Kawu ya kama rigata ya ja, ya yi magana yana kallon mai furfurar. Na fassara.

"Ya ce gaskiya ne, wakili bai sani ba. Mutumin kirki ne, hidima ce ta yi masa yawa. Yanzu kuwa ya sani."

Na faɗa, amma ba da son raina ba. Kawu ya ƙara wata, wannan karon har da ɗan murmushi a ɓarin bakinsa mai motsi.

"Ya ce kuma yana da rantsuwa a kansa, ba a ɗaukarsa a kafaɗa. Idan aka kulle lif da la'asar, to a nan falon zai zauna har alhazai su zo su same shi."

Ƙaramin cikinsu ya juya baya yana danne dariya. Mai furfurar ya rufe allonsa ya ce wa wakili shi bai ga wani aibu a ginin ba, amma ba zai sa hannu a kan lif mai aiki ba alhali mazauna gidan ba su san yana aiki ba. Ya ce a rubuta alkawari yanzu, cewa lif da gangaren ƙofa za su zauna duk shekara, shi kuma zai biyo wata rana ba tare da sanarwa ba. Wakili ya ce ai dama niyyarsa ke nan. A kan teburin haris aka rubuta. Alƙalamin ma nawa ne.

Da suka tafi wakili ya zo ya tsaya a gaban Kawu. Sannan ya sunkuya ya sumbaci kansa, ya ce, "Ka rufa mini asiri, ya ammi." Bayan mako guda ya aiko da sabuwar yarjejeniya, ba ƙarin ko kalma.

Na ɗauka za mu koma sama. Kawu ya nuna ƙofar titi da haɓa. Na tura shi bakin gangaren ƙarfen, ya ɗora tafin hannunsa a kai ya shafa, ya tsuke baki. "Wanda ya ƙera wannan bai taɓa tura mutum ba. Ya yi tsaye da yawa. Juya, da baya, ka kafa ƙafarka." Na ce masa ai littafi ma haka ya ce, ɗaya ne bisa goma sha biyu. Ya ce, "To littafin ya yi ƙoƙari."

Muka sauka. Rana ta buge shi a fuska, ya rufe ido ya ɗaga kai ya bar ta. Mai gasa burodi na tsallaken titi ya bar tanda ya taho da gari a hannu. Inna ta sauko, ita ma a lif, tana riƙe da bango tana karanta duk addu'ar da ta sani. Wani maƙwabci ya kawo motarsa. Ba wanda ya tambayi Kawu inda za a je.

A lokacin an kafa wata gada mai kama da zobe kewaye da Ka'aba, ta wucin gadi, don masu keke. Kawu labarinta kawai yake ji. Da muka isa Harami, tun daga harabar waje masu tura arabiyya suka fara gane shi. Wani ya saki kekensa ya rungume shi, wani ya ce shi zai tura. Kawu ya ce a'a, yana da ɗalibi. Haka na yi zagaye bakwai ana yi mini gyara. "Kada ka bi ta ciki, za ka taka mutane." "Sassauta a nan." "Kai tura kake ko tunani?" A zagaye na biyar gyaran ya tsaya. Na leƙa fuskarsa, na mayar da idona gaba, na ci gaba da turawa.

Lif ɗin bai sake ganin takardar nan ba. Yakan lalace da gaske jefi-jefi, a gyara. Wata tsohuwa a hawa na biyar, wadda ni ban ma san da ita ba, ta fara fitowa sayen kayan miya da kanta. Bayan na dame shi da wasu takardun, wannan karon shafi ɗaya-ɗaya, wakili ya sa an ƙara wa gangaren tsawo. Da mausim ya zo Kawu ya danna maɓallinsa ya sauka ya tafi Mansur, ya dawo ya danna ya hau. Ya koma ganin likita, ya koma sahun Juma'a, ya koma teburin shayin haris, inda suke gardama a kan abin da ba wanda ya tuna farkonsa.

Shekara uku ya ƙara a duniya. Ranar da ya rasu aka yi masa wanka a gida. Makara ba ta shiga wannan lif ɗin, na fi kowa sani, ni na auna shi. Ta matakala muka sauko da shi, mu huɗu, ni a kusurwar baya ta dama. Da muka zo kwanar hawa na uku na cire takalmana na ajiye a gefe, na kafa ƙafa yadda ya koya mini. Ban zame ba.

Har yanzu ni ba mai magana ba ne. Amma in na shiga gini idona kan fara sauka a matakalar ƙofa, in na ga an manna wa lif takarda sai na tambayi tun yaushe. Kuma ba na sa hannu a takarda ban karanta ta ba har ƙasa, ko da mai ita zai yi ta tsaki. Na daɗe ina jin haushin cewa shafi tara na rubuta ba su yi komai ba, sai jimla biyu da na ara daga bakin Kawu. Daga baya na gane kowannenmu ya kawo abin da yake da shi ne. Ni na nemo layin da aka rubuta haƙƙinsa, shi ya san yadda ake karɓarsa a bar mutum da mutuncinsa.

Inna ta gaya mini bayan an share makoki cewa yakan ba abokansa labarin ranar, ya ce ɗan ƙanwarsa ne ya tsaya gaban hukuma ya yi magana kamar lauya. Na ce mata ai a ranar jikina rawa yake yi don tsoro. Ta ce, "Ya sani. Wannan ɓangaren ne ba ya faɗa."